Yatsan Malam a Ƙasar Indiya

Tun da muka dawo daga Indiya bakina bai huta ba. In je gidan suna a tare ni, in je gaisuwar mutuwa a ja ni gefe, ko kasuwa na shiga ranar Talata sai wata ta riƙe mini mayafi: "Malama Rabi, wai da gaske shanu na yawo bisa titi ba mai su?" Hajiya Kulu maƙwabciyata kuwa ta ji labarin har ta fi ni iya ba da shi, tana ƙara masa gishiri, yanzu a bakinta har giwa na hau. To ga shi na zauna na rubuta. Wadda ta sake tambayata in miƙa mata, in ba ta iya karatun boko ba jikanta ya karanta mata, ai don haka muka ƙare ƙuruciyarmu muna koyarwa a firamaren Mafara.

Kafin mu hau mota sai na fara da hannuna, in ba haka ba labarin ba shi da kai. Babban yatsan kowa gaɓa biyu gare shi, gajere mai kauri. Nawa gaɓa uku ne, dogo siriri, ya jeru da 'yan uwansa kamar bai san shi ne babba ba. Haka na mahaifina yake, Malam marubucin Alƙur'ani a Maradun, Allah Ya jiƙansa. A gidanmu "yatsan Malam" ake ce masa, kuma abin tinƙaho ne. Ranar suna, kafin wanzami ya taɓa kan jariri, babbar mace a dangi takan buɗe masa hannu. In an ga yatsan sai a rangaɗa guɗa, a ɗauko tsohon alƙalamin Malam a ɗora masa a tafin hannu, a ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Da gwaggonmu ta rasu aikin ya dawo kaina.

Akwai kuma abin da ni kaɗai na sani. Ina ƙarama, in Malam ya jingina a zaure bayan azahar, nakan hau jikinsa in kwantar da kai a ƙirjinsa. Zuciyarsa ba ta bugawa kamar ta innata. Bayan kowane bugu akwai wani "shuu", kamar ana tankaɗe gari a ɗaki na gaba. Na tambaye shi, "Baba, mi ka ƙara cikin ƙirjinka?" Ya yi dariya ya ce, "Tasbihi taka yi, Rabi. Zuciyar da ta sha tawada ba ta yin shiru." Ya rasu yana zaune bayan la'asar da alƙalami a hannu, bai yi jinya ba, gemunsa ma bai gama fari ba. Mutane suka ce mutuwar bayin Allah ke nan.

Autana Bello, mai noman shinkafa a fadamar Bakolori, ya ɗauko yatsan. Da matarsa Saudatu, 'yar Bakura, ta haifi ɗa namiji, na buɗe hannun na gan shi, na yi guɗa har muryata ta dishe. Da na ɗauke shi na kai kunne ƙirjinsa sai na ji "shuu" ɗin nan, sak na Malam. Wallahi zaman dirshan na yi ina hawaye. Aka sa masa sunan mahaifina, sunan da bakina ba ya iya faɗa, sai nake ce masa Malam Ƙarami, in raha ta motsa in ce maigidana.

Amma yaro ya ƙi girma. In yana shan nono zufa ta karyo masa, tari ba ya rabuwa da shi, sa'o'insa suna gudu shi yana zaune yana haki. Matan unguwa suka fara cewa wai Saudatu ta yawaita shan ruwan sanyi da ciki. Yana da shekara huɗu likitocin Sakkwato suka ce akwai huda a bangon da ya raba zuciyarsa biyu, jini yana kwarara zuwa huhu fiye da ƙima. Suka ce in aka daɗe jijiyoyin jinin huhun za su sandare, daga nan kuwa ba likitan da zai yarda ya sa masa wuƙa. Dangi da wata ƙungiyar taimako suka ɗauki nauyin kai shi Indiya. Manya biyu aka yarda su raka shi, uwarsa da ni, don ni ke da ɗan Turancin malaman firamare.

Sallama muka fara. A Bakura mahaifiyar Saudatu ta cika mana jaka da kuka da daddawa da kilishi, tana cewa, "Ku tahi da abinku, waɗanga mutane ba su san tuwo ba." A Maradun yayana Malam Sani, wanda ya gaji zauren mahaifinmu, sai da muka gama doguwar gaisuwa, gida da gajiya da damina da jama'a, sannan ya ɗaure fuska.

"Yanzu ku mata biyu za ku ƙetare teku, babu muharrami?"

Na nuna masa Malam Ƙarami. "Yaya, ga maigidana nan, shi ka kai mu."

Ya so ya riƙe dariyar, ta fi ƙarfinsa. Ya tofa wa yaron addu'a, ya ce mu tashi mu kama hanya tun rana na sama. Maganar ta sosa mini rai. A wannan hanyar Malam ke ɗora ni bayan jaki mu tafi Bakura wajen abokin karatunsa, in yamma ta riske mu mu yada zango a ruga, a kawo mana nono da fura ba a tambayi sunanmu ba. Yanzu saboda ɓarayin daji sai hantsi ya ɗaga ake shigarta, kowa a mota ya yi tsit yana kallon daji.

Haka muka yi hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ba wanda ya yi cikakken numfashi sai da muka ga Zariya. A Abuja aka ce ba mai shiga Indiya sai an ɗiga masa maganin shan inna. Na ce wa ma'aikaciyar, "Ɗiyata, yaron dai ko?" Ta ce har ni. Ni da na aurar da 'ya'ya, na hangame baki kamar ɗan tsako aka ɗiga mini. Malam Ƙarami ya ƙyalƙyale da dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya zama haki, sai da Saudatu ta goya shi tana jijjigawa. Daga ranar na daina ba shi dariya da yawa.

Jirgi ba zan ce komai a kansa ba, don idona a rufe yake yawancin tafiyar. A Habasha muka sauya wani, can na fara karo da matakala mai tafiya da kanta, na tsaya ina ce mata bisimilla har wata mai shara ta kama hannuna ta hau da ni kamar makauniya.

A filin jirgin Chennai aka zo ɗaukar hoton yatsu. Jami'in ya ce in ɗora babban yatsa a kan gilashi. Na ɗora. Ya ce a'a, babban. Na ce shi ne wannan. Ya kama hannuna ya ƙirga yatsun da bakin biro, ya kira abokin aikinsa shi ma ya ƙirga. Ni kuwa na miƙe wuya, a zuciyata ina cewa ku kalla da kyau, ba a kowane gida ake samunsa ba. Gaba kaɗan masu binciken kaya suka buɗe ƙullin daddawa, mutumin ya ja da baya yana toshe hanci, ya yi mini alama in rufe in wuce. Da ya zo kan kilishi ya tambayi naman mene ne. Na ce da ƙarfi, don ya san ba na banza ba ne, "Na saniya, lafiyayya!" Saudatu ta taka mini ƙafa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Nan muka bar kilishin Bakura.

Saudatu ta taso da kallon finafinan Indiya, tun a jirgi take bitar 'yan kalmominta. Ashe Chennai a kudancin ƙasar take, yarensu daban da na fim, ta yi gaisuwarta ba wanda ya amsa. Ni kuma na baza ido ban ga ko mutum ɗaya yana zagaya bishiya yana waƙa ba, kowa sauri yake zuwa neman abinci. Abin da na gane nan take shi ne Keke Napep. Na ce ikon Allah, ashe garin iyayenta muka zo.

Masaukinmu ɗaki ne a gidan wata tsohuwa kusa da asibiti, kowa Amma yake ce mata. Na tambaye ta ko za mu iya girki, ta kaɗa kai hagu da dama. Na tambaya ko akwai ruwa, ta sake kaɗawa. Na ce wa Saudatu mu ɗauki kayanmu, wannan gida komai babu. Sai ga ta da risho da bokiti cike da ruwa. A can kaɗa kai haka "to" ne, wani lokaci ma "madalla".

Washegari na tashi da himmar baƙon kirki. Na ga an zubar da gari a ƙofar gida, an yi masa zane-zane, na ce ashsha, yaran ko'ina ɗaya ne. Na samo tsintsiya na share tas, har na yayyafa ruwa. Amma ta fito ta dafe kai da hannu biyu. Ashe ita ta durƙusa da sassafe ta zana shi da garin shinkafa, haka suke yi kullum don maraba da alheri, tururuwa kuma ta samu abin kalaci. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage. Ta kalle ni, ta kalli tsintsiyar, sai dariya har da riƙe ciki. Tun daga nan kullum sai ta kira ni in tsaya kanta tana zanawa, ta karɓe tsintsiyar ta ɓoye bayan ƙofa.

Abincinsu bai ba ni wuya yadda aka tsorata ni ba. Suna da sinasir, sai dai nasu ya fi faɗi da ƙamas. Suna da masa wadda ake turarawa ba a soyawa, fara fat ba mai. Miyarsu tsamiya ce da yaji, a zuba maka a ganyen ayaba ka ci da hannun dama kamar mutanen kirki. Ranar da na kaɗa miyar kuka Amma ta ɗanɗana, ta kaɗa kai, amma ba ta ƙara ba.

Shanun kuwa gaskiya ne, Hajiya Kulu ba ta ƙara komai a nan ba. Saniya ta kwanta tsakiyar titi, motoci su kewaye ta, ba makiyayi, ba sanda, ba mai kallonta da mugun ido. Na daɗe tsaye ina kallon wata fara mai dogon ƙaho. Na tuna garken da ke ratsa bayan gidanmu da yamma lokacin da ake barin shanu su kwana a fili a Maradun. Saudatu ta ce, "Inna, mi ya hwaru?" Na ce hayaƙin mota ne ya shiga mini ido.

Likitar da ta karɓe mu dattijuwa ce mai furfura da kitso ɗaya har gadon baya. Ta saurari ƙirjin yaron, ta juya hannuwansa, ta daɗe a kan yatsan. Na miƙa hannu zan gyara masa riga, sai ta bar shi ta kama nawa.

"Wa kuma ke da irin wannan a gidanku?"

Na gyara zama na jero mata: ni, mahaifina, ɗana Bello, yayana da 'ya'yansa biyu. Na ce mata albarkar gidanmu ce, yatsan masu rubutu.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "A cikinsu akwai wanda ya rasu farat ɗaya, ba jinya?"

Na ce akwai. Na ba ta labarin Malam da alƙalaminsa, har da "shuu" ɗin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ta jawo takarda tana zane tana magana a hankali don in bi ta. Ta ce kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da umarnin ginin jiki gaba ɗaya, rabi daga uwa rabi daga uba. Amma ba duka ake aiki da shi a ko'ina ba, in ba haka ba da ido ya yi ƙashi. Akwai wasu ƙwayoyin gado da aikinsu kawai su ce wa sauran ku fara, ku tsaya, ku ƙara, ku rage. Ina jin haka na tuna mai buɗe ƙofar ruwa a Bakolori, shi ba ya shuka ko ƙwaya ɗaya, amma in ya buɗe rabi gonar da ke ƙarshen layi ita ke shan ƙishi. Na gaya mata, ta ce to haka ne. Ta ce ɗaya daga cikin masu ba da umarnin nan aiki biyu aka haɗa masa, shi ke tsaye kan ginin bangon zuciya da hanyar da bugunta ke bi, shi ke kuma tsaye kan ƙasusuwan hannu. Yana gama aikin tun farkon ciki, sau da yawa kafin mace ta tabbatar tana da shi. Kowa biyu ya gada, a gidanmu ɗayan ba ya aiki, sai umarnin ya zo rabi. Wani abin ya tsaya masa a yatsa, wani ya taɓa bangon zuciya, wani bugun ne ke raguwa a hankali yana girma. Duk mai yatsan, ɗan da zai haifa ko ya ɗauko ko bai ɗauko ba, rabi da rabi ne.

Na ce, "To ƙarar da ke ƙirjin mahaifina?"

Ta ce ba ta gan shi ba, ba za ta rantse ba, amma ga alama ƙaramar huda ce, ƙarama ta fi ƙara kuma ana daɗewa da ita. Ta jikana babba ce.

Saudatu ba ta jin Turancin da muke yi, sai kallon bakina take. Na juya na ce mata, "Ɗiyata, ba ruwan sanyi ba ne. Daga wajenmu ya hito." Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Ni ma a ranar aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ce bugun zuciyata yana da nawa, yana ɗan jinkiri, a riƙa dubawa.

Saura babbar tambaya, ko jijiyoyin huhun sun riga sun sandare. Aka zura masa siririyar roba ta jijiyar cinya har zuciya aka auna. Da likitar ta fito ta ce sun fara tauri amma da sauran dama, da mun ƙara wata damina a gida da sai dai haƙuri. Na zauna a ƙasa nan inda nake ina hamdala.

Ranar tiyata da safe aka tura shi a gado, yana riƙe da yatsana da nasa. Ya ce, "Kaka, in na hito za ki saya min ƙwallo?" Na ce har biyu. A bencin jira akwai wata mata da aka shiga da 'yarta, ba ta jin yarena ba na jin nata. Ina jan carbi tana motsa baki da nata addu'ar. Da azahar ta buɗe ƙullin abinci ta tura mini rabi, na ɓare goro na ba ta, ta tauna ta yamutse fuska ta haɗiye don kara. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wajen la'asar likitar ta fito, ta sauke ƙyallen bakinta, ta dube ni ta kaɗa kai hagu da dama. Saudatu ta ƙwala salati za ta faɗi. Na riƙe ta na ce, "Ke, tsaya! Kin manta Amma? Madalla ta ce!"

Ranar da za mu taso Amma ta yi zane babba a ƙofa, ta ɗauko tsintsiyar nan ta ba ni tsaraba. Tana nan rataye a ɗakina, ban taɓa shara da ita ba. Har yau in na tashi da safe nakan tuna ta a durƙushe da gari a hannu, in ji kewar mutumiyar da ba mu taɓa fahimtar kalma goma ta juna ba.

Da muka dawo na je Maradun na zayyana wa Malam Sani komai. Ya ɗauko alƙalamin mahaifinmu yana kallo. Ya ce, "Rabi, wanda Ya yi yatsan Shi Ya yi zuciyar. Albarka tana nan, sai dai ta zo da amana." Ya sa aka kai 'ya'yansa Sakkwato a duba su, shi ma ya bi. Da na ce Bello ma ya je, ya so ya yi gardama wai shinkafa ta kusa yanka, na ce masa ko ya shiga mota ko in ɗaure shi da zanena in kai shi. An samu nasa bugun shi ma yana da nawa, yanzu suna dubansa a kai a kai. Sunan da aka yi a dangi kwanan baya na buɗe hannun jaririya na ga yatsan, na yi guɗata, na ɗora mata alƙalami, sannan na ce wa ubanta kafin a yi arba'in a kai ta a duba zuciyar.

Malam Ƙarami kuwa ya yi kumatu. Rannan da yamma ina zaune a tabarma ya shigo a guje da ƙwallonsa, ya faɗo jikina yana haki irin na yaran da suka ƙoshi da wasa. Tun da aka yi aikin ban kai kunne ƙirjinsa ba, ina cewa saboda ɗinki ne, alhali ɗinki ya daɗe da warkewa. Ranar dai na ɗaga rigar na kwantar da kai a kan tabon. Bugu ne kawai, ɗaya bayan ɗaya, tsaf kamar na kowa. Na daɗe ina jira, ban ji tankaɗen nan ba.

"Kaka, mi kike nema? Likita ta gyara, babu komi ciki."

"Awo, maigida," na ce, "babu komi ciki."

Ya zame ya bi ƙwallonsa waje. Na yi hamdala har cikin raina, sannan na ja mayafi na rufe fuska na yi kuka, don a ƙirjin nan kaɗai ya rage mini inda nake jin Malam, kuma ni da ƙafata na kai aka rufe.